Lambar Kofur Irmiya a Ƙunshin Kifi

Duk wanda ya zauna a layinmu nan Haɗeja daga shekarar tamanin da biyar zuwa tsakiyar casa'in ya san Hannatu. Ko bai san sunanta ba, ya san ƙarar keken ɗinkinta, don tun hantsi yake fara kuka daga ɗakin ƙofar gida da take haya ita da 'yarta Rut. 'Yar wajen Zonkwa ce, doguwa mai wushirya, ba ta magana sai an taɓo ta. Yayanta Malam Bulus ne ya fara zuwa garin nan koyarwa a firamare, shi ya kama mata ɗaki kusa da nasa. Mijinta soja ne, yau a tura shi nan gobe can, ya ce ba zai yi ta jan mace da jaririya kamar akwatin kaya ba.

Mijin nan shi ne Kofur Irmiya. Allah ya yi mutane iri-iri, amma mai riƙe baki irinsa ba mu taɓa gani ba. Akawun sigina ne a barikinsu, wato duk saƙon da ya shigo ta wayar oba-oba shi yake buga shi a tafireta ya kai wa manya. Sunan barikin kuwa ba za a ji shi a nan ba, kada labari ya koma masa ya daina gaisawa da mu. In ya zo hutu, mazan layi su sa shi tsakiyar tabarma su yi ta zungurarsa.

"Kofur, wai da gaske an ƙaro muku motoci?"

Sai ya ce, "Ya ruwan bana? Shinkafa ta yi?"

"Kofur, ku nawa ne a barikin nan naku?"

"Muna nan. Ba mu kai ku yawa ba."

An taɓa tambayarsa ƙarfe nawa, sai da ya dubi agogo ya yi jim tukuna, kamar yana auna ko shi ma sirrin gwamnati ne.

A ofishinsu akwai doka a manne a bango: duk takardar da aka ɓata wajen bugu, da duk kwafin da aka gama da shi, a kai bayan ofis a ƙone a cikin duro kafin a tashi. Dokar tana nan, har ta yi ja don tsufa, amma wa yake bi? Shugaban akawunan, wani Saje Gambo, cewa yake yi, "Haba, wa zai zauna karanta wannan shirmen? Mai ƙosai ta iya Turanci ne?" Sai su tara takardun dami-dami su ba masu ƙosai da masu tsire na kasuwar bariki su yi ƙunshi da su, su kuma a ɗan riƙa taɓa musu abin taɓawa. Irmiya kaɗai ne yake kwashe nasa ya yi bayan ofis, ya tsaya kan duro har sai ya juya tokar da sanda. Ba ya shan taba, amma aljihunsa ba ya rabo da kwalin ashana. Shi ya sa suka sa masa Kofur Ashana, sunan kuma ya riga shi isowa Haɗeja.

Hannatu ta san halin tun suna sabon aure. Wata rana tana wanke masa kaki ta tsinci takarda a aljihu, ta ga tana da kauri, ta ajiye za ta yanka samfurin wuyan riga da ita. Da ya gani bai yi faɗa ba. Ya zaunar da ita bakin gado ya ce, "Maman Rut, takardar soja in ta faɗo hannunki hanyarta biyu ce. Ko wuta, ko ki mayar da ita inda ta fito. Kada idon kowa ya hau kanta, ko da na Yaya Bulus ne. Ke takarda kike gani, wani hanyar da mutum ɗari za su bi yake gani." Ta yi masa dariya ta ce ita dai ta yi asarar samfuri. Amma maganar ta zauna mata.

A shekarar casa'in da biyu, gab da faɗuwar damina, ya zo ba zato ya yi kwana biyu. Ya gyara sakatar ƙofa, ya toshe inda kwano yake yoyo, ya sayo wa Rut takalmin makaranta da ya yi mata yawa har sai an cusa tsumma a gaba. Bai faɗi inda za shi ba, ita ma ba ta tambaya ba. Takalmin nan ya gaya mata tafiyar mai nisa ce. Ya bar mata baƙin akwatinsa na ƙarfe a ƙarƙashin gado, wanda aka rubuta lambarsa ta soja da farin fenti a jiki, lambar da ta ƙare da bakwai, bakwai, huɗu. Kullum in za ta yi shara sai ta jawo shi ta goge.

Rediyo a lokacin ba shi da magana sai Laberiya, kowa kuma ya yanke cewa can aka kai su. Wasiƙunsa suka fara zuwa, kuma in ka ga ɗaya ka ga duka: "Lafiya nake. Ana ruwa a nan. Ki gai da Yaya. Rut ta riƙa zuwa makaranta." Ba sunan gari, ba sunan aboki, ba ranar dawowa. Ita kuwa takan cika masa shafi biyu da Hausar da ta koya wajen karatun Littafi Mai Tsarki. Ta gaya masa kogi ya kawo har gindin gada, tarwaɗa ta yi araha, tsuntsayen jan-baki sun sauka a shinkafar mutanen Kirikasamma, kazarsu mai wake-wake ta ƙyanƙyashe tara shaho ya ɗauke biyu. Ta san ba zai amsa ko ɗaya ba. Tana dai so in ya buɗe ya ji ƙamshin gida.

Maƙwabciyarta Falmata, wata Babarbariya mai suyar kifi a bakin layi, ita ce ba ta barin ta ta huta. "Matar soja, an samu wasiƙa? Me ya ce, ana ruwa? To mu nan wuta ake yi? Ki je garin Malam Madori ki ga wata matar soja, shafi huɗu mijinta yake aiko mata, har abin da suka ci da sunan garin da za su koma sati mai zuwa. A tsakiyar kasuwa ake karanta mata, kowa ya sha labari. Ke naki ko kan sarki bai ci kuɗinsa ba."

"Ya Falmata, bar ni da nawa," in ji Hannatu, tana murmushi. Amma in ta koma ɗaki sai ta ji kishin matar nan ta Malam Madori da ba ta taɓa gani ba. Ita ko sunan gari ɗaya take so, wanda za ta riƙa ambata in ta durƙusa addu'a.

Sai kuma wasiƙun suka ɗauke. Wata ɗaya, wata biyu, har biyar. Masinjan makarantar su Malam Bulus da yake ɗauko wasiƙu daga gidan waya ya koma sauya hanya in ya hango ta. Kekenta ya rage kuka. Takan ɗinka hannun riga a juye, ta farke, ta sake. Falmata ma da ba ta da birki ta daina tambayar ruwa.

Wata Lahadi da damina ta sake zagayowa, Hannatu ta taso daga coci ta biya ta karɓi kifi karfasa biyu wajen Falmata don Rut ta ƙi cin tuwo. Ta zo gida ta kwance ƙunshin a faranti, za ta dunƙule takardar ta yar, sai idonta ya faɗa kan bugun tafireta. Layi-layi ne na lambobi da sunaye. Maiƙo ya jiƙa takardar har ana ganin yatsunta ta baya, an yage saman, amma a layi na shida ga ta nan, bakwai, bakwai, huɗu. Ga sunansa a gefe. An kuma ja masa layi da jan biro, shi da wasu mutum biyu.

Ta zauna a ƙasa. Ta jawo akwatin ta gwada lambar ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa ta yi kuskure. Ba kuskure. Sauran rubutun duk Turanci ne irin na soja, guntu-guntu, ita kuwa aji uku ta yi aka cire ta. Mutum goma sha ɗaya a takarda, uku da jan layi. Na waɗanda suka mutu ne? Na waɗanda aka harba? Ko sauran ne suka mutu, ukun suka tsira?

Ta ɗauki tarin tsofaffin littattafan 'yan makaranta da Malam Bulus ya zubar, ta koma bakin layi.

"Ya Falmata, karɓi waɗannan ki ba ni takardun da kike ƙunshi da su. Duka."

"Ikon Allah. Me kika gani a ciki?"

"Ba komai. A ina kika samo su?"

"Hamman ne ya kawo mini, ƙanin maigidana mai kai bandar kifi garin barikin su mijinki. Akawunan bariki ne suke ba shi, ya ba su kifin miya. Ke, wallahi kin kamu da cutar Kofur Ashana. Ashe ana ɗauka!"

Hannatu ta kwashe su tas, har wadda aka shimfiɗa ƙarƙashin kwanon yaji. Ta kai ɗaki ta duba ɗaya-ɗaya, ba ta ƙara ganin lambarsa ba. Ta kulle su a akwatin, mai jan layin kuma ta ninke ta ƙulle a bakin zani.

Kwana tara takardar nan ta yi a jikinta. Abin da ya fi ci mata rai, mai karanta mata yana nan taku biyar daga ƙofarta. Kullum da la'asar Malam Bulus yakan fito da kujera gindin darbejiya yana duba aikin yara, da tabarau a karan hanci, mutumin da Turanci yake zuba a bakinsa kamar ruwan famfo. Minti ɗaya ya ishe shi. Kuma wa zai sani? Takardar da ta riga ta zaga kasuwa, wa ya san ƙunshi nawa aka yi da 'yan'uwanta, har gidan wa da wa suka shiga? Wannan tunanin ya tashe ta a rana ta huɗu. Ta je ta tsaya a kansa, hannunta a kan ƙullin zani.

Ya ɗago. "Hannatu, lafiya? Kin yi zuru-zuru."

Ta buɗe baki. Sai ta ji muryar mijinta ranar nan a bakin gado, a hankali, ko da na Yaya Bulus ne. Idan yana raye, da wane ido za ta dube shi? Idan kuma ba ya raye, to abu ɗaya da ya taɓa roƙonta ke nan a duniya.

"Yaya, wuyan rigar nan taka ya cinye. Kawo in juya maka."

Ya cire rigar ya ba ta, yana ta yi mata godiya. Ta shiga ɗaki ta yi kuka a kan rigar har ta jiƙe, sannan ta juya wuyan.

Ta gwada hanyar wuta ma. Ta ƙyasta ashana a bakin murhu, ta riƙe har ta ƙone mata yatsa. Ina! Wata biyar ba ta ga abin da ya fito daga wajensa ba sai wannan, ko da warin kifi. In ta ƙone ta, ta ƙone amsar ke nan. Saura hanya ɗaya.

Ranar da Hamman zai kai kaya, ta bar Rut wajen matar Malam Bulus, ta ce za ta je bariki ne kan maganar iyali, ta hau gaban motarsa da jakar ledar takardun a cinya. Fadama ta cika dama da hagu, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya, masunta suna kwance a kan gora suna bin ruwa. Duk abin da ta gani sai ta ji tana shirya yadda za ta rubuta masa shi, sai kuma ta tuna ba ta san ko akwai mai karantawa ba. Hamman ya yi ta jan ta da hira, ya gaji ya kunna kaset.

A bariki, bayan an gama yi mata tambayoyin bakin ƙofa, aka kai ta ofishin akawuna. Ga Saje Gambo ya baje gyaɗa a kan fayil yana ɓarewa.

"A'a! Matar Ashana ce da kanta! Madam, sannu da hanya. Me aka kawo mana, tsaraba?"

"Kayanku na dawo muku da su, Saje. Babbanku nake son gani."

Ya leƙa jakar, ya gane bugun injinsa, dariyar ta ɗan rage. "Haba Madam, a kan wannan kika taso tun daga Haɗeja? Shara ce fa. Kawo in duba miki, ba sai an dami Yallaɓai ba."

"Daga hannunka ta fita. A hannunsa zan sa ta."

Hayaniyar ce ta fito da wani Kyaftin, matashi, daga ɗakin ciki. Ya shigar da ita ya ba ta kujera. Ta juye takardun a teburinsa, ofis ya ɗauki ƙarnin kifi, sannan ta kwance bakin zani ta miƙa masa ta ƙarshen da hannu biyu. Ya karanta, ya ɗaga wasu daga cikin tarin ya karanta, fuskarsa ta sauya. Ya tambayi inda ta samo, ta gaya masa.

"Wa ya karanta miki?"

"Ba kowa, Yallaɓai."

"Kwana nawa tana hannunki?"

"Yau tara. Yayana malamin makaranta ne, gida ɗaya muke. Amma maigidana ya ce ba a nunawa." Ta nuna takardar da yatsa. "Lambarsa kawai na iya karantawa. Don Allah, jan layin nan na mene ne?"

Kyaftin ya ajiye takardar. Sannan ya ce, "Madam, akwai abubuwa a takardar nan da ba zan gaya miki ba, don akwai ranaku da hanyoyin da mutanenmu za su bi. Amma naki zan gaya miki. Ranar da aka buga wannan, wata biyu ke nan, mijinki yana nan da ransa, lafiya ƙalau. Inda suke ne wasiƙa ba ta fita. Sunayen nan na waɗanda lokacin dawowarsu ya yi ne. Masu jan layi kuma an riƙe su. Babbansu na can ya ce ba zai saki Kofur Irmiya ba, don shi kaɗai ya yarda ya bar wa sigina."

Hannatu ta rufe fuska da gyale. Dariya da kuka suka haɗe mata wuri ɗaya. Wato halin nan nasa da ya hana ta sanin inda yake, shi ne kuma ya hana shi dawowa. Wata biyu da suka wuce yana da rai. Ta riƙe wannan da kyau, kamar yadda ta riƙe takardar. Tambayar sunan garin ta zo mata har kan harshe, ga mutumin da ya sani a gabanta, ya kuma tausaya mata. Ta haɗiye abarta, ta yi godiya, ta tashi.

Tana fita ƙofar bariki ta waiwaya ta ga hayaƙi yana tashi daga bayan ofis. Saje Gambo ne a tsakiyar rana, ba hula, yana juya duro da sanda, Kyaftin yana tsaye a kansa. An ce wata huɗu cur aka yi ana ƙona takardu a barikin nan kamar da gaske. Da aka yi wa Kyaftin ɗin canjin wurin aiki, ƙosai ya koma kwanciyarsa a cikin sirrin gwamnati.

Da ta dawo, Falmata ta tare ta tun daga bakin layi. "To, matar soja, me suka ce? Yana ina? Yaushe zai dawo?"

Hannatu ta gyara gyale ta ce, "Ana ruwa can, Ya Falmata."

"Ke dai Allah ya shirye ku, ke da shi!"

Daga ranar ta fito da kekenta zaure, ta sa shi daidai inda take hango hanyar tasha. Ta ci gaba da rubuta wasiƙu ba amsa. Ruwa ya janye daga fadama, aka yanke shinkafa, aka dasa albasa, aka cire. Rut ta zare tsumman takalmi, takalmin ya yi mata daidai, har ya fara matse ta. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ƙafar Hannatu ta tsaya a kan keke, mu ma da muke cikin gidajenmu mukan ji shirun. Sai mu ji ya ci gaba.

Mu duk wannan labarin ba daga bakinta muka ji ba, balle nasa. Saje Gambo ne da ya yi ritaya ya zo Haɗeja sarin banda, ya zauna a rumfar Hamman ya zazzage mana shi tas, har da abin da ba a tambaye shi ba.

Wata goma sha ɗaya bayan tafiyar nan tata zuwa bariki, wata Talata da azahar, keken ya tsaya bai ci gaba ba. Muka leƙo. Ga Kofur Irmiya a ƙofar zaure da jaka a kafaɗa, ya rame har kakin yana yi masa lilo, furfura ta fito masa a gefen kunne. Hannatu tana zaune, hannunta a kan ƙyallen da take ɗinki. Suka yi ta kallon juna. Da ƙyar ta ce, "Baban Rut, ka ci abinci?"

Washegari da la'asar mazan layi suka shimfiɗa tabarma suka sa shi a tsakiya.

"To Kofur, yanzu dai an gama, ka dawo. Don girman Allah, wace ƙasa aka kai ku?"

Ya dubi sama, ya dubi hanyar kogi. "Ya ruwan bana?" in ji shi. "Shinkafa ta yi?"

Daga cikin zaure muka ji Hannatu ta tuntsire da dariya, sannan keken ya kama kuka.